Inda tsohuwar a-kori-kura take faɗuwa a gaban VIO, da yadda za ka riga su gani

Yawancin masu tsohuwar a-kori-kura, da zarar lokacin sabunta takardar lafiyar mota a wurin VIO, jami'an duba lafiyar motoci, ya matso, inji suke fara tunawa. A juye baƙin mai, a canza filogi, a wanke kafireta, mai ɗan hali ma har ya kai ta a watsa mata fenti. Ni kuwa da na tashi a gareji a nan Bauchi, kuma har yau rabin yinina a ƙarƙashin irin waɗannan motoci nake yin sa, na san ba kasafai inji ke kayar da su ba. Injin Hilux na da, 22R mai shan fetur ne ko 3L na dizal, in dai yana samun mai da ruwa, sai dai ka gaji da shi. Haka Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Har yau ga su nan suna jigila tsakanin Muda Lawal da kasuwannin ƙauye.

Ciwon a baya yake, daga bayan kujerar direba zuwa ƙofar bodi, kuma lodi ne mafarinsa. An ƙera waɗannan motoci ne don su ɗauki tan ɗaya ko kusa da haka, wato buhu 10 na masara mai kilo 100, ko siminti buhu 20. Kai ma ka san abin da ake ɗora musu ranar kasuwar Soro ko Gadar Maiwa: a ninka wannan, a ɗaure awaki a sama, sannan masu kayan su hau su zauna. Kowane irin wannan lodi yana barin tabonsa a sifirin da birki da taya da shasi, kuma nan ne mai duba mota yake kai ido. Idan a Abuja ko Legas za a duba ta, inda ake da cibiyoyin gwaji da na'ura, to tayoyin za a ɗora a kan abin da ke juya su, a auna kamun birkin kowace ƙafa daban. Na'ura kuwa ba ta san "Oga a yi haƙuri" ba.

Saboda haka ka duba da kanka tun ana saura mako guda, don ka samu sararin neman kaya. Ka fara kai ta wanki, ka ce a wanke ƙasanta sosai, domin laka tana rufe tsagewa da yoyo. Bayan wankin ka yi aiki da ita yini ɗaya ko biyu, duk inda mai ke tsatsafowa zai fito fili a kan ƙarfe mai tsabta. Sai ka samu wuri mai shimfiɗe, da jak, da tocila, da ƙaramar guduma, da ƙarfen cire taya, da igiya, da yaro ɗaya mai jin magana. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sa mata kututture ko sitan, a tokare sauran tayoyin.

Birkin baya

Ka fara daga kujera. Inji a kashe, ka tattaka birki har fedar ta yi tauri, ka riƙe ta a take, sannan ka tayar da mota. Fedar za ta ɗan nutse kaɗan. In ta yi haka, busta, baƙar tukunyar nan da ke bayan masta (silindar da ke tura man birki zuwa ƙafafu), tana aiki. In ba ta motsa ba, ka duba tiyon da ke kawo mata iska kafin ka yanke mata hukunci, sau da yawa shi ne ya tsage. Sai ka ci gaba da riƙe fedar da ƙarfi na kamar rabin minti. Idan tana sulalewa ƙasa a hankali alhali ba ka ga mai yana zuba ko'ina ba, robobin cikin masta ne suka gaji. Idan kuma laushi take yi, sai ka taka sau biyu ko uku take kamawa, to ko iska ta shiga, ko layinin baya, wato takalmin birki, ya yi nisa da duram, gangar ƙarfen da yake kamawa ta ciki.

Wannan duk gwajin sama ne. Gaskiyar tana cikin duram. Kwanan baya wani Alhaji ya kawo mini Hilux ɗinsa da ke ɗauko hatsi daga wajen Alkaleri, fitila kawai yake so a gyara. Na ce bari mu leƙa birki. Ya ce, "Haba Oga, birkina lafiya lau, da na taɓa take tsayawa." Yaro ya kwance tayar hagu ta baya, ya buga duram ya zare shi. Warin man giya ne ya fara tarar mu. Layinin ya koma baƙi ƙirin, ƙura da mai sun haɗu sun yi kunu mai danƙo, ka shafa da yatsa ya zame. Da na bi bututun birkin da tocila, sai ga inda aka lanƙwashe shi aka daddage da filaya, don kada mai ya riƙa zuwa wannan ƙafar. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ƙafa uku ke tsayar da kai, ta huɗun rakiya take yi." Ya yi shiru, can ya ce shi ya sa take fizgar dama in ya taka da kaya.

Toshe bututu abu ne da ake yi a hanya don a samu a iso gida, sai a manta da shi ya zama na dindindin. Ka bi bututun kowace ƙafa da idonka, musamman a saman aksul, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, da gefen tanki inda laka ke kwanciya ta ci ƙarfen. Tiyon roba kuma ka lanƙwasa shi da hannu, in ka ga tsagewa ko ya kumbura lokacin da yaro ya taka birki, a canza shi.

Idan ka ga bayan duram a jiƙe, ka taɓa ka shinshina. Mai tsinkakke marar kauri man birki ne, ƙaramar silindar da ke ciki ce ke yoyo. Mai kauri mai wari kuwa man giya ne daga aksul, sil, robar da ke tare man, ya mutu. Kafin a sa sabon sil, a duba ɗan abin numfashin nan da ke saman aksul. Laka tana toshe shi, aksul ya yi zafi, iska ta rasa hanyar fita ta tura mai ta sil. In ba a buɗe shi ba, sabon sil ɗin ma ba zai daɗe ba. Layinin da ya sha mai kuma ya gama aiki. Za a ce maka a wanke da fetur a cinna masa wuta. Yana bushewa a sama, amma da duram ya ɗau zafi man da ke ciki zai sake tsatsowa. A canza, kuma hagu da dama tare.

Akwai wani abu da ko wasu makanikai ba sa kula da shi. Hilux da ire-irenta da yawa suna da wani bawul a jikin shasi ta baya, da dogon ƙarfe siriri da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa ya gane nauyin da ke kan mota: in ta zauna saboda kaya, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba komai, ya rage, don kada tayoyin baya su kulle ta juya da kai. To ga abin da ke faruwa. Mai mota ya gaji da ganin tana durƙushewa, sai ya sa a ƙara mata falle biyu ko uku a sifirin. Baya ya ɗaga. Bawul ɗin kuma, ko da an cika ta da masara, gani yake ba kaya, sai ya ci gaba da hana birkin baya ƙarfi, gaba kaɗai ke shan wahala. Wasu motocin ma za ka tarar ƙarfen ya ɓalle yana lilo, ko an ɗaure shi da waya. Duk wanda ya taɓa tsayin sifirin, dole ya sake saita wannan ƙarfe.

Man birki, ka karanta murfin gwangwaninsa na kan masta, DOT 3 ne ko DOT 4, ka sa abin da aka rubuta. Wannan mai yana tsotsar ruwa daga iska, shi ya sa ake juye shi duk shekara biyu ko da bai ragu ba. Man da ya sha ruwa yana saurin tafasa. Jos tana sama da mu da kusan mita 600, kuma duk wanda ya taɓa gangarowa ta Tilden Fulani da Toro da lodin dankali ya san yadda duram ke ɗaukar zafi. A irin wurin ne feda take tafiya ƙasa gaba ɗaya, sai bayan ta huce ta dawo kamar ba ta yi ba. Ruwan omo da wasu ke zubawa kuwa, ban ma san ta inda zan fara ba: yana tafasa da wuri, yana kuma sa silinda tsatsa. Baƙin mai ko man giya kuma suna kumbura robobin su lalata su duka.

Birkin hannu shi ne aka fi kama mutane da shi, don gwajinsa ba wuya. In har yaron motarka sai ya diro da weji duk inda kuka tsaya, ka san amsar tun a gida. A fara matso da layinin kusa da duram, sannan a ja kebul. In aka fara da kebul, birkin zai riƙa gogawa yana cin layinin. Ka gwada a gangare, giya a furi.

Sifirin da shasi

Ka tsaya ta baya daga ɗan nesa ka dubi motar. Ɓangare ɗaya ya fi zama? To falle ya karye ko ya saki. Karyayyen falle yakan ɓuya a tsakiya, kusa da inda yu-bol, ƙarfen da ke ɗaure sifirin a jikin aksul, ya kama, alamarsa wani layin tsatsa ja da ya ratsa shi. Kada ka yarda a yi masa walda. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne ta yadda zai riƙa lanƙwasa yana dawowa, wutar walda tana kashe wannan, sai ya sake karyewa a gefen ɗinkin. Na gwanjo mai kyau ya fi wanda aka ɗinka.

Sai ka ɗauko igiyarka ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama, sitiyari a miƙe. Ya kamata su zo daidai. In ɗaya ya fi, to santa-bol, ƙusar da ke riƙe fallayen a tsakiya ta kuma zaunar da su a kan aksul, ta guntule, aksul ya goce. Irin wannan motar ce za ka gani a titi tana tafiya a karkace kamar kaguwa, direban yana ta riƙe sitiyari gefe guda. Ba alaimen ɗin da zai gyara ta. Abin da ke guntule santa-bol kuwa sakin yu-bol ne, don haka a ɗaure notocinsa, a sake bi bayan ta yi tafiya da kaya.

Bushin na bakin sifirin, ka zura ƙarfen taya ka ɗan banƙara. In idon sifirin yana wasa, ko ka ga tsinken tsohuwar taya da aka yanka aka cusa yana leƙowa, a sa na gaskiya, ba shi da tsada. Shokozoba kuma ido ya fi hannu gane ta a wannan mota, don sifirin ɗin baya ya yi taurin da ko ka danna ba zai nuna maka komai ba. Ka duba ko mai ya jiƙa jikinta, ko robar kunnenta ta fita, ko tayar tana cinyewa rami-rami.

Shasi shi ne abin da in ya tafi, motar ta tafi. Wurare biyu yake fara tsagewa: inda aka kafa kunnuwan sifirin, da tsakanin kan mota da bodi, inda nauyi ke lanƙwasa shi. In ka lura ratar da ke tsakanin kai da bodi ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, shasi ya riga ya sunkuya. Mu nan ba a zuba gishiri a titi, amma muna da namu masu cin ƙarfe: takin zamani da ya zube ya sha ruwa, da fitsarin dabbobi, da lakar damina da ta kwana wata da watanni a cikin kwarin shasi. Motocin da suka zo daga Turai ko Amurka ko Kanada kuma da tsatsarsu suke zuwa, ta gishirin da ake watsawa a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara. Ka bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawo yana zubowa. Ka yi hattara da wurin da aka shafe da baƙin fenti mai kauri shi kaɗai. In za a gyara tsagewa, a kai wa mai waldar da ya san aikin shasi, wanda zai huda ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya ɗinke, ya ɗora faranti. A cire kan batir kafin a fara, a kuma kula da tanki da bututun mai.

Gaba da sitiyari

Nan ba sai an daɗe ba. Mota a ƙasa, ka sa yaro ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan-kaɗan, kai kuma ka kwanta kana kallon kowace gaɓa. Wadda ta motsa kafin ta motsa ta gabanta, ita ce mai laifi. Sai a ɗaga ƙafa ɗaya. Ka kama tayar ta gefe da gefe ka girgiza: wasa a nan na tayarod ne, sandar da ke juya ƙafa, ko hannun sitiyari. Ka kama ta sama da ƙasa: wasa a nan na boljoyin ne, gaɓa mai ƙwallo da ke riƙe ƙafa, ko boris. Don ka raba gardama, yaro ya taka birki ka sake girgizawa. In wasan ya ɓace, boris ne. In yana nan, boljoyin ne.

Tayarod da boljoyin ba a gyara su, canzawa ake yi. Masu bugun bayansu da guduma ko cusa leda don su yi tauri, gyaran gangar Auzinawa suke yi maka. Ranar da ƙwallon ya fice, tayar kwanciya take yi, kuma ba ta zaɓar wuri. A nan ne nake ce wa mutane araha ba ta ado. Ka kuma tabbata kowane noti yana da fil ɗinsa, ba ƙusar kafinta ba. Akwatin sitiyari yana da sukurun rage wasa a samansa, amma a juya shi kaɗan-kaɗan, in ya yi yawa sitiyari zai daina dawowa da kansa bayan kwana.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da ta zo da sitiyari a dama ba ta da gurbi a titinmu. Akan juya su, kuma wasu juyin ba laifi. Amma in taka juyayya ce, ka duba ko an yanka wani ƙarfen sitiyari an haɗa da walda, ko an huda shasi an rataya akwatin ba tare da ƙarfafa wurin ba.

Taya

A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta na nan. Wani lokaci lambar tana fuskar ciki, sai ka leƙa da tocila. Zurfin zane kada ya gaza milimita 1.6. Ba sai ka nemi abin awo ba, a cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu da aka yi musamman, in sun yi daidai da saman taya, ta gama.

Abin da ya fi damuna da tayoyin a-kori-kura shi ne sa mata tayar ƙaramar mota don girman rim ya zo ɗaya. Tayar kaya tana da harafin C a ƙarshen lambarta, kamar 195R14C, ko LT. Ka dubi lambar nauyin da ke biye: 106 na nufin tayar tana ɗaukar kilo 950, amma 91 da ake gani a tayar ƙaramar mota kilo 615 ne kacal. Ka ɗora irin wannan a baya, ka cika kaya, ka hau kwalta a zafin Afrilu, sauran sai addu'a. Tayar da ta yi ƙari a gefe, ko waya ta leƙo, ko aka sake yanka mata zane da wuƙa, kada ma ka je da ita. A aksul ɗaya a sa girma ɗaya, iri ɗaya. A auna iska da safe kafin ta yi tafiya. Ka ƙirga notoci: ƙafa mai rami shida, noti shida take so, ba huɗu ba. Safaya kuma taya ce, ita ma ana duba ta, kuma sarƙar da ke sauko da ita daga ƙarƙashin bodi takan ci tsatsa ta ƙi juyawa.

Fitilu

Fitilar baya ita ce ta fi kowace shan wahala a motar kaya, buhu ya buge ta, ruwa ya shiga, waya ta goge a jikin shasi. Ka tsaya a baya yaro ya bi su ɗaya bayan ɗaya: ƙaramar wuta, birki, sigina hagu da dama, ribas, da 'yar fitilar lamba da kowa ke mantawa. Sannan ya haɗa su, ya taka birki ya sa sigina lokaci guda. In ka ga duk fitilun suna lumshewa tare, ko ta ɗaya gefen tana amsawa, ba ƙwai ba ne, wayar at ce, wadda ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ta ci tsatsa. A kwance ta, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a mayar. Sigina mai saurin ƙiftawa kuma ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefen. Ƙwan birki mai zare biyu ne, mai wat 21 da mai wat 5, in an cusa shi a juye za ka ga ƙaramar wuta ta fi ta birki haske. Murfin da ya fashe a saya, jar leda ba murfi ba ce. Ka buɗe akwatin fiyus, duk wanda aka naɗe da waya ko takardar sigari a fitar da shi, irinsu ne ke cinna wa mota wuta.

Ta gaba, da daddare ka fuskanci bango daga nisan mita 10. Ka auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama a bangon. In ka sa dim, bakin hasken ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10 zuwa 15, duka biyun a layi ɗaya. Ka tuna in an yi lodi baya yana zama, gaba ya ɗaga, hasken ya koma idon mai tahowa. Juyayyar mota kuma takan zo da fitilun da ke karkata haske zuwa hagu, wato daidai fuskar wanda kuke gamuwa da shi, sai an canza su. Fararen fitilun nan masu kashe ido da ake jerawa a kan bamba, ni dai shawarata a kwance su.

Hayaƙi

Launinsa ke faɗin ciwon. Baƙi, mai ne ya fi iska yawa: ka fara da filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa cikin ɗan lokaci, kafin ka je ga nozul ko kafireta. Wasu ma da gangan ake buɗe musu famfon dizal don ta ja kaya, a mayar da shi yadda yake. Shuɗi, baƙin mai take ƙonawa, ringi ne ko robobin bawul, kuma man nan mai kauri da ake zubawa ɓoye shi kawai yake yi na 'yan kwanaki. Fari mai yawa da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto yana raguwa, gasket ne. Salansa kuma a toshe bakinta da tsumma na ɗan lokaci kaɗan a saurara, duk inda ta huje za ka ji tana huci. In hujin yana ƙarƙashin kai, ga daɓen ƙafar direba ya ruɓe, hayaƙin ciki yake shigowa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Direban da ke yawan ciwon kai da gyangyaɗi a doguwar tafiya, a duba masa wannan.

Sauran na ido ne, minti kaɗan sun isa: gilashin gaba marar tsagewa a saitin direba, waifa mai share ruwa ba mai kankare gilashi ba, madubai, oda, bel mai kamawa, ƙofofin da ke buɗuwa ta ciki da waje, ƙofar bodi mai sakata ba igiya ba, batir a ɗaure da ƙarfensa. Tukunyar kashe gobara allurarta ta kasance a kore, ga alamar tsayawa mai kusurwa uku, da jak da sifanar taya. In kuwa tanki ya huje har an koma jan mai daga jarka a cikin mota, wannan ko kasuwa kada a je da ita, balle wurin gwaji.

Takardu da ranar zuwa

Ka nemo lambar shasi a jikin ƙarfen, ka goge ta, ka karanta harafi-harafi kana duban takarda. Motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau yawanci lambarsu guda 17 ce, tsofaffi sukan gaza haka. Ka gargaɗi mai walda da mai fenti kada su taɓa wurin, don lambar da ta shafe tana jawo tambayar da ta fi ta birki nauyi. In ka taɓa sauke inji ka ɗora na gwanjo, lambarsa ta saɓa da ta takarda, ka ajiye rasiɗin sayensa, ka je ofishin lasisi a gyara. Haka in ka canza launin mota. Inshora kuma jabu ta yi yawa, ana iya duba lambar motarka a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, NIID, ta waya, a ga ko tana ciki. Ka je ofis da ƙafarka. Takardar da ɗan tsakani zai kawo maka gida alhali ba wanda ya ga motar, ba ta san halin da duram ɗinka ke ciki ba.

Ranar gwaji ka je da ita ba kaya, a wanke, lambar gaba da ta baya suna karantuwa. Ka ɗan yi tafiya da ita tukuna don inji ya yi zafi, musamman na dizal, sanyayyen inji ya fi hayaƙi. In an sa sabon layinin, a yi kwana biyu ana takawa a hankali kafin a je, don sai ya zauna a jikin duram yake kamawa sosai. In an ce ta faɗi, ka roƙa a rubuta maka abubuwan da aka gani, ka tambayi wa'adin dawowa, ka kai wa makanikinka takardar kamar yadda take. In kuɗin ba za su isa a yi duka a tashi ɗaya ba, a fara da birki da sitiyari da taya, motar kuma ta zauna a gida har a gama waɗannan ukun.